Kaset ɗin Baba Shibutani

A makon da Mugi ta fitar da haƙoranta na farko, biyu a tare, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa, a makon ne aka bugo waya daga Tokyo a kan maganar kaset. Kozue, uwar Mugi, ita ta ɗauka, ga yarinya a kafaɗa tana jiƙa mata wuya da yawu, sai da ta sa mutumin ya maimaita. Ya ce shi wakilin Turawan nan ne na Pelham Weir. Suna fitar da tsofaffin wasanninsu ɗaya bayan ɗaya a faifai, yanzu sun iso kan na Osaka, kuma an ce musu duk duniya mutum ɗaya ne ke riƙe da uwar kaset ɗin.

"Baba!" Kozue ta ƙwala kira. "Zo, Turawanka ne!"

Babanta, Shibutani Ryozo, yana bayan kantar shagonsu na abinci a Osaka yana tsame taliya. Ya ajiye matsami, ya goge hannu a hankali, ya zo yana tafiya kamar wanda dama ya san ranar za ta zo. Mutum biyu suna zaune suna jiran kwanonsu, oho, ko kallonsu bai yi ba.

Su Pelham Weir ɗin nan Turawan Ingila ne, su biyar, masu gashi har gadon baya, irin waɗanda in suka soma kiɗa ɗaya sai ka ɗora romo ka sauke ba su kai ƙarshe ba. Uku ma sun rasu. Sau ɗaya tak suka yi wasa a Osaka, shekara hamsin ke nan saura 'yan watanni, lokacin Baba yana saurayi. An hana shiga da rikoda, shi kuwa ya ɗaure tasa a ciki da ƙyallen naɗe abinci, ya zura makirfo ta hannun riga, ya zauna a layi na tara. Abin da yake taƙama da shi har gobe shi ne zaman da ya yi.

"Mai ɗauka ba ya tari," haka yake cewa duk wanda ya tsaya saurare. "Ba ya tafi, ba ya gyara zama. Ni a ranar dutse ne. Ku saurara daga farko har ƙarshe, in kun ji numfashina, taliyarku kyauta ce."

Kaset ɗin ya zaga duniya. Masu wannan harka ba sa sayarwa, musaya suke yi, ka ba ni na London in ba ka na Osaka, kwafi ya haifi kwafi. Kuma duk abin da ake nema a ciki kiɗan ƙarshe ne, wanda ake kira Gadar Gishiri. Babu waƙa a cikinsa, kiɗa ne zalla. A ko'ina Turawan suka buga shi, tafiyar ƙasaita yake yi. A Osaka kaɗai, daga tsakiya, sai ya soma ɗaukar wuta. Sauri kan sauri, sauti yana hawa yana hawa, mai fiyanonsu, Arkwell, yana zuba yatsu kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, har mai saurare ya manta da haɗiye yawu. Daf da ƙarshe sai a ji wata yarinya da 'yar siririyar murya ta tsala ihu, "Kada ku tsaya! Kada ku tsaya!" Daga nan kaset ya yanke.

Yarinyar layi na tara, haka masu harkar suke kiranta. An neme ta a mujallu, an neme ta a intanet, shiru. Mama Setsu kuwa, matar Baba, tana da nata lissafin a kan yarinyar. Lokacin suna neman aure, ta roƙe shi ya tafi da ita, ya ƙi, wai dariyarta ta cika ƙarfi za ta ɓata masa ɗauka.

"Ni mai surutu ce, aka bar ni a gida," takan ce tana yanka albasa. "Aka tafi da mai ihu."

"Ke Setsu, na gaya miki, dama da ni wani ƙato ne mai tabarau, hagu kuma babu kowa."

"To. Kujerar ce ta yi ihu."

Wannan a bakin tukunya ake yin sa kullum, ba ya wuce nan. Wanda kaset ɗin ya kama da gaske Hiroya ne, mijin Kozue. Asali ma kaset ne ya kawo shi shagon, yana ɗalibi, ya zo ya ga mutumin da ya ɗauki Osaka da idonsa. Ya ci kwano uku don kunya, ya dawo washegari, ya sake dawowa, ƙarshe dai ya zo don kaset ya tafi da 'ya. Da rana yana shago yana taka ƙullin taliya da ƙafa, da yamma kuma shi ne mai fiyano a wata 'yar ƙungiya da ke kwaikwayon kiɗan Turawan. Ya iya komai nasu. Abu ɗaya ya gagare shi, ƙarshen Gadar Gishiri irin na Osaka. Fiye da shekara goma yana binsa. Ya kusa, kowa ya ce ya kusa, shi ma ya san ya kusa, kuma ya yi alkawari a gaban mutane cewa ranar cika shekara hamsin zai buga shi daidai, ba ragi.

Hannun dama ne ya ce bai san zancen ba. Da farko wuyan hannun ne ke zafi. Daga baya babban yatsa da manuni suka daina jin komai, kamar an ɗaure su da roba. Wata safiya yana ciro Mugi daga baho, yatsun suka buɗe da kansu, yarinya ta sulluɓe. Sa'a ɗaya Kozue na durƙushe da tawul a cinya, a nan ta faɗo, ita kuwa 'yar banzar sai dariya take, a zatonta wasa ne. Tun ranar Hiroya bai ƙara ɗaukarta ba. Sai dai ya sunkuya ya hura mata iska a ciki, ya miƙe.

Likita bai ɓoye musu ba. Ko a ɗaure hannun a huta da shi yanzu, ko kuwa wuƙa, kuma ko da wuƙar bai yi alkawarin yatsun za su dawo ba.

"Baban Mugi, ka ji dai da kunnenka," Kozue ta ce a hanyar gida.

"Na ji. Bayan wasa."

"Bayan wasa da wane hannun?"

"Kozue, saura kaɗan fa. Jiya na bi shi har wajen da ganga ke shigowa."

"Jiya kuma cokali ya faɗi a hannunka cikin miya."

"Cokalin ne mai santsi."

Ta ƙyale shi. Ita ba ta san kan kiɗa ba, makarantar ma ba ta yi nisa ba ta dawo shago, amma ta san mijinta. In ka ja shi, ƙara turjewa yake.

To, ana cikin haka wayar nan ta zo. Wakilin ya ce a aiko da kaset, Baba ya ce ko da wasa. Kaset ɗin da ko shagon bai taɓa saukowa ba, yana sama a cikin gwangwanin shayi, shi za a miƙa wa ɗan aike? Aka daidaita a kan za a kai shi wurin wata Malama Uozumi, mai situdiyo a Kobe, a kwafe shi a gaban idonsa. Ranar Laraba da ba a buɗe shago suka ɗunguma gaba ɗaya. Baba ya rungume gwangwani a ƙirji, Kozue ta goya Mugi a nata ƙirjin, Hiroya ya sa rigar da yake zuwa biki da ita. Mama ta ce ita ma za ta, ta ji an ce injin zamani yana fito da murya tas, tana son ta ji muryar mutuniyar da kyau.

Malama Uozumi 'yar gajeriya ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta sa safar hannu, ta duba zaren kaset ɗin a haske, ta ce an adana shi da kyau. Baba ya kalli kowa ɗaya bayan ɗaya. Ta kunna.

Kai, ashe duk abin da suke ji a gida dusa ce. Zauren ya buɗe a gabansu, ana jin takun mutane, ana jin wani yana buɗe takardar alewa can baya. Hiroya ya rufe ido, yatsun hagunsa suna tafiya a kan gwiwa. Mugi ta ƙura wa wata 'yar jar fitila ido, ta miƙa hannu tana son ta kama, har barci ya ɗauke ta. Aka juya kaset, aka ci gaba. Gadar Gishiri ta zo, ta kama wuta kamar kullum, yarinya ta yi ihunta, tsit.

Malama Uozumi ba ta tafa ba. Allon kwamfutarta take kallo.

"Malam Shibutani, rikodar nan da batir take aiki?"

"Ƙwarai. Sababbi fil na saya."

"To zo ka ga wani abu."

Ta nuna masa wani siririn layi a ƙasan allo. Ta ce wutar lantarkin zaure tana da ɗan gunjinta, kunne ba ya kula da shi amma makirfo yana kwashewa, kuma gunjin nan ba ya hawa ba ya sauka, a wuri ɗaya yake tsayawa. Ga shi nan a miƙe tun daga farkon wasa. Ta ja yatsa zuwa dama. Daga tsakiyar Gadar Gishiri layin ya soma ɗagawa, kamar hanyar hawa dutse.

"Batirin ne ya soma sanyi," ta ce. "Rikoda ta riƙa jan zare a hankali, tana ƙara ragewa. Abin da aka ɗauka a hankali kuwa, in aka sa shi a inji mai lafiya, gudu yake yi, muryarsa ta sirance."

"Haba Malama," Baba ya ce yana murmushi irin na wanda zai gyara wa yaro kuskure. "Ina wurin fa. Da kunnena na ji."

"Sau ɗaya ka ji wasan. Kaset ɗin sau nawa ka ji?"

Baba ya ce sababbi ne baturan, a kasuwar Nipponbashi ya saya, har shagon yana iya nunawa.

"Sababbi ne ranar da ka saya," Mama ta ce daga kan kujera, ko ɗago kai ba ta yi ba daga lemon da take ɓarewa. "Washegari, tun kafin ranar wasan, ka yini a bakin gada kana ɗaukar ƙarar jirgin ƙasa, wai gwaji. Ni ka sa na riƙe maka jaka."

"Ke, wa ya sa da ke?"

"Tuna maka nake, tsoho."

Malama Uozumi ta ce a ba ta ɗan lokaci. Ta kama layin nan tana danne shi kaɗan-kaɗan har ya kwanta ya miƙe kamar sauran. Kozue ta fita ta canza wa Mugi ƙunzugu, ta ba ta nono a baranda, ta dawo ta tarar kowa yana inda ta bar shi. Aka sake kunnawa daga tsakiya.

Kiɗan bai kama wuta ba. Ya ci gaba da tafiyarsa, mai nauyi, kamar babbar mota da kaya a kan tudu. Wurin da Arkwell ke watsa tsakuwa, yanzu ɗaya-ɗaya yake ajiye su. Kozue ta saci kallon mijinta. Idonsa a buɗe, yatsun hagun sun tsaya cik a kan gwiwa. Ganga ta shigo, jita ta shigo, aka gangaro ƙarshe. Sai wata murya ta fashe daf da makirfo, muryar namiji, ta saurayi, a shaƙe da kuka:

"Kada ku tsaya! Kada ku tsaya!"

Ɓawon lemo ya faɗi daga hannun Mama.

"Af! Ryozo! Wannan ai kai ne!"

"Ba ni ba ne."

"Ni za ka gaya wa? Da wannan muryar ka kira ni a tashar Tennoji ranar da na ce na fasa auren! Malama, don girman iyayenki maimaita."

Aka maimaita. Mugi, da ke ƙirjin uwarta, ta juya ta kalli lasifika, ta juyo ta kalli kakanta, ta washe haƙoranta biyu. Mama ta yi dariyar nan tata da aka hana ta zuwa wasa saboda ita, har da riƙe ciki, har da hawaye.

"Dutse! Wai shi dutse! Shekara hamsin ina fushi da kujera, ashe yarinyar tana kwana a ɗakina tana minshari!"

Baba ya zauna da gwangwanin shayi a cinya. Ba ƙarya yake yi ba, shi dai bai tuna ba sam. Ya ce iyakar abin da ya sani, an kunna fitilu ya ga rigarsa a jiƙe. Malama Uozumi ta tambaya ko a yanke muryar kafin a aika Ingila. Ya ce a yanke. Mama ta ce duk wanda ya yanke ta, da ita yake. Aka bar muryar.

Kozue kam ranta fari tas. A ganinta magana ta ƙare. Ba wanda ya taɓa buga abin nan, ba Bature ba kowa, batir ne ya buga, to me ya rage? A jirgin ƙasan komawa gida ta matsa kusa da mijinta, ta ɗora masa ƙafar Mugi a cinya.

"Baban Mugi, ka ga shi ke nan. Gobe sai mu koma wurin likita."

Ya daɗe yana kallon taga. Teku yana wucewa, gidaje suna wucewa.

"Ashe ba wanda ya taɓa yi," ya ce.

"Ba wanda ya taɓa."

"To ni zan zama na farko ke nan."

Ji ta yi kamar ta fizge gwangwanin hannun Baba ta ƙwala wa mijin nata a ka.

Kwana biyu yana hawa sama da yamma yana bin tsohon kaset ɗinsa, tana jin sa ta cikin silin, ya taho da gudu, ya tuntuɓe, ya tsaya yana yarfa hannu, ya sake. Ita kuma a ƙasa ta sa kwafin da Malama Uozumi ta ba su, gyararren, don ta lura Mugi tana yin barci da shi. Tana goge tebura ta ga wani abu. Duk sanda Hiroya ya sauko shan ruwa kiɗan yana tashi, kansa yana kaɗawa, amma kan yana riga kiɗan. Ya sunkuyar, sannan ganga ta faɗi. Kamar mai tafiya da tsohuwa, ya yi gaba ya tsaya, ya yi gaba ya tsaya.

A rana ta uku ta saɓi Mugi, ta ɗauki na'urar da take sa kwafin a ciki, ta hau sama.

"Na ji an ce yanzu ka fi Baturen sauri."

"Ba a ce ba, haka ne."

"To bi shi mu gani. Wannan na ainihin. Ai wasan yara ne a wurinka."

"Kozue, wannan ko da ido a rufe."

"Rufe mana."

Ta kunna, ta zauna a bakin ƙofa. Ya fara da murmushi. Ba a je ko'ina ba ya wuce Arkwell, ya dawo, ya sake wucewa. Ya ce ta mayar baya. Ta mayar. Ya sake wucewa a wuri guda. Murmushin ya tafi.

"Tsaya. Mayar kaɗan. Me yake yi a nan?"

"Ni ka tambaya? Ni taliya na sani."

Ya kara kunne a jikin lasifika. A wurin da duk duniya ta ɗauka yatsun dama ne ke tsere, ashe mutumin ɗage hannun dama yake yi gaba ɗaya, ya bar hagu yana wani abu can ƙasa, a hankali, yana jan ƙafa da gangan, yana sa mai ganga jira. A tsohon kaset wurin yana wucewa kamar ƙiftawar ido. Hiroya ya cike gurbin da yatsun dama shekara da shekaru, abin da babu shi.

"Hutawa yake yi," ya ce, kamar an zage shi. "Mutumin nan hutawa yake yi a nan. Hagun kuma... wannan ba abin da nake bugawa ba ne. Ko kusa."

"Ka iya?"

Ya gwada da hagu kaɗai. Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Mugi ta rarrafa ta kama ƙafar kujerarsa ta miƙe tsaye, karon farko ke nan da ta miƙe da kanta, Kozue ta yi ƙara, shi ko waigowa bai yi ba.

"Wata nawa ya rage?" ya tambaya.

"Uku da 'yan kwanaki."

"Hagun nan kaɗai zai ci wata biyu."

"Hannun daman kuma fa, me zai riƙa yi kafin nan?"

Ya kalli hannun, ya kalle ta. Ya gane inda ta kai shi, ya ja tsaki.

"Ke dai muguwa ce."

"'Yar Mama ce ni. Ƙarfe tara likita yake buɗewa."

Aka ɗaure hannun da wani abin roba mai tauri daga yatsu zuwa rabin damtse. Ƙullin taliya dama da ƙafa ake takawa, aiki bai tsaya ba. Da yamma sai ka ji hagu kaɗai yana tafiya a sama, gurum, gurum, kamar ana jan buhu. Faifan ya fito daga Ingila a tsakiyar wannan, da sunan Baba a baya da ƙananan baƙaƙe. Masu harkar suka rabu biyu. Wasu suka ce an yi gyara, wasu suka ce an kashe Osaka, su tsohon kwafinsu za su riƙe har kabari. Abu ɗaya suka haɗu a kai, duk wanda ya shigo shagon sai ya leƙa bayan kanta ya ce wa Baba, "'Yammata, a ba ni kwano ɗaya." Baba ya daina ba da labarin dutse. Amma ya ƙara kuɗin ƙwai a kan taliya, ya ce na masu baki ne.

Ranar cika shekara hamsin ta faɗo Lahadi. Da rana aka yi wasan, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin ƙasa, don yawancin masu zuwa ba sa kai yamma ba su yi gyangyaɗi ba. Kozue ta tsaya can baya kusa da ƙofa, ta toshe wa Mugi kunne da abin toshewa mai kamar kunnen zomo. An kwance wa Hiroya ɗauri makonni kaɗan kafin nan, likita ya ce a bi a hankali, kuma a hankalin aka bi. Da aka zo wurin, ya ɗage hannun dama ya ɗora a cinya, hagu ya ja ƙafa, mai ganga ya jira shi. Ba tuntuɓe ko ɗaya.

Wani tsoho mai hular saƙa a gaban Kozue ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ba Osaka ba ne. Wannan jana'iza ce."

"Kai dai yi shiru, saura kaɗan," ɗayan ya ce.

Ashe sun shirya. Ana sauke kiɗa, tsofaffin nan kusan su arba'in suka matse murya gaba ɗaya, siririya kamar ta 'yan makaranta: "Kada ku tsaya! Kada ku tsaya!" Baba yana layin gaba, hannu a harɗe, bai motsa ba. Mama kuwa sai da aka ba ta ruwa.

Da aka fito rana ba ta faɗi ba tukuna. Hiroya ya miƙa wa abokinsa jakar wayoyi, ya tsaya a gaban Kozue yana goge tafin hannu a wando.

"Kawo ta."

"Ka tabbata? Ta ƙara nauyi fa, likita ya ce ta fi sa'anninta."

"Kawo ta, na ce."

Ta kwance goyon ta miƙa masa, hannunta a ƙasa tana tarewa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗaga ta sama har ta taɓa ganyen bishiya, ya sauko da ita kafaɗa. Suka kama hanyar tasha, Baba da Mama a gaba suna gardama a kan wanda ya bar laima. Mugi, da yanzu haƙoranta huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, ta lalubo babban yatsansa na dama, wanda ya daina jin komai ɗin nan, ta kai baki ta gartsa.

"Wayyo! Ke! Kozue, cizo take!"

Kozue ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Ka ji?"

"Yaya ba zan ji ba, ta kusa cire min shi!"

"Bar ta ta ƙara," Kozue ta ce, ta ci gaba da tafiya.